Gidan Feuchtmayer, Gwanayen Yaɓen Ado na Kudancin Jamus

Garin jifsam ba ya jiran kowa. Da zarar an zuba masa ruwa an dama, abin da ya rage wa mai aiki bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba kafin kwaɓin ya ɗauki ɗumi a hannu, ya sandare, ya koma kamar dutse. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon masu silin ɗin POP a sabon gida ya san wannan gaggawa, domin garin da suke damawa shi ne dai jifsam ɗin. To da wannan kwaɓi mai gajen haƙuri, haɗe da farar ƙasa da yashi, wasu iyalai na kudancin Jamus suka yi sama da shekara ɗari suna cin abinci, a tsaye bisa dandamalin katako, kai a ɗage, ƙura na zuba musu a ido, suna mayar da rufin majami'u abin kallo. Cikin waɗannan iyalai, kaɗan ne suka kai gidan Feuchtmayer suna.

Asalinsu Wessobrunn ne, wani ɗan ƙauye a jihar Bavariya, kudu maso yamma da birnin Munik, daf da gindin duwatsun Alps. Babu abin da garin yake da shi na a zo a gani in ban da tsohon gidan 'yan zuhudu na ɗariƙar Benedict, wanda tarihinsa ya koma har ƙarni na 8. Gonakin yankin ƙanana ne, sanyi kuma yana daɗewa, noma kaɗai ba ya riƙe gida. Amma daga wannan wuri da 'yan unguwannin da ke kewaye da shi, irin su Haid da Gaispoint, masana sun tattara sunayen masu yaɓen ado sama da 600 a ƙarni na 17 da na 18. Sunayen gidajen suna ta maimaituwa: Schmuzer, Zimmermann, Üblher, Feuchtmayer. Uba ya koya wa ɗa, kawu ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa, maigida ya aurar da 'yarsa ga yaron da ya fi hannu a cikin yaransa. Sana'a ce ta gado, aure kuma yana daɗa ƙulla ta.

Abin da ya buɗe musu kasuwa masifa ce. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya bar kudancin Jamus kaca-kaca, ƙauyuka sun zama kufai, majami'u sun ƙone ko sun lalace. Da ƙura ta lafa, tattalin arziki ya farfaɗo, sai gidajen 'yan zuhudu, waɗanda a wancan zamani su ne manyan masu filaye da dazuzzuka da haraji, suka shiga gasar gini. Akwai kuma dalilin aƙida. Cocin Katolika, a gogayyarta da 'yan Furotesta masu son ɗakin ibada fayau ba ado, ta zaɓi ta yi wa jama'a wa'azi ta ido: mutum ya shigo daga gona ko daga daji, ya ɗaga kai, ya ga abin da zai girgiza shi. Wannan salo mai cika ido shi ake kira Barok. Da farko Italiyawa ne ke da aikin, masu yaɓe daga yankin tafkin Como da kwarurrukan kudancin Siwizalan, su ake ɗaukowa da tsada. Mutanen Wessobrunn sun yi musu lebura, sun zura ido, sun ɗauki hannu. Lokacin da gidan zuhudun garinsu ya fara sabon gini a wajajen 1680 ƙarƙashin magini Johann Schmuzer, sai ya zama sun sami makaranta a ƙofar gida. Kafin a ankara sun karɓe kasuwar, har ana kiran su aiki a Ostiriya, da Siwizalan, da Folan, da Rasha.

Rayuwar tasu cin rani ce, sai dai a juye. Ɗanyen yaɓe ba ya shiri da ƙanƙara: in sanyi ya daskarar da ruwan da ke cikinsa kafin ya bushe, sai ya ruɓuɓɓushe ya zubo. Saboda haka da hunturu ya wuce mazaje kan fita ƙungiya-ƙungiya, maigida da ƙwararrun yaransa da 'yan koyo masu dama kwaɓi da hawa da shi sama, su bar mata da tsofaffi da gona da shanu. Sai sanyi ya sake kunno kai su dawo. A hunturun ne maigida ke zama ya yi zane a takarda, a gyara kayan aiki, a zuba ƙananan kayan ado, a yi jinga da shugaban wani gidan zuhudu kan aikin baɗi.

Kayan aikin kansu ba wani abin tsada ba ne. Dutsen farar ƙasa ake ƙonawa, a jiƙa shi a rami, a bar shi kwance cikin ruwa shekara da shekaru har ya yi laushi kamar man shanu, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon kyansa. Jifsam shi ma ƙona shi ake yi a niƙa. Sai yashi, sai gashin dabba da ake barbaɗawa cikin kwaɓi don kada ya tsage, sai ƙusoshi da waya da katako. Sirrin yana wajen haɗi. Farar ƙasa tana bushewa a hankali, tana ba mai aiki lokaci, amma tana tsukewa. Jifsam yana kamawa nan take, yana riƙe siffa. Don a ja masa linzami sai a dama shi da ruwan gam da aka dafa daga fata da ƙashi, wanda ke jinkirta sandarewar ya kuma ƙara masa tauri. Yawan gam da za a zuba ya danganta da zafin ranar, da damshin bango, da girman abin da za a ƙera. Ba a littafi ake samun wannan ba. Yaron da ya yi shekaru yana dama wa ubansa kwaɓi, yatsunsa ne ke gaya masa.

Hanyoyin aikin sun bambanta. Dogayen layukan da ke bin bakin rufi da kan ginshiƙai, ana yanka siffarsu a jikin faranti na ƙarfe, a kafa shi a katako, a riƙa jan sa bisa ɗanyen kwaɓi, a ƙara, a sake ja, har layin ya fito sumul. Ƙananan abubuwan da ke maimaituwa, kamar furanni, ana zuba su a ƙasa a manna daga baya. Wannan duk mai haƙuri zai iya. Inda ake gane gwani shi ne aikin hannu kai tsaye a jikin rufi. Zai zana siffar da gawayi a kan filasta, ya kafa ƙusoshi, ya naɗa waya inda adon zai turo waje, ya ɗora kwaɓi mai kauri a matsayin ƙashi, sannan ya bi da lallausan kwaɓi yana murzawa da 'yan ƙarafa masu kama da cokali da wuƙa, wani lokaci da ɗan yatsa. Yana aiki hancinsa na kusan taɓa rufin, alhali abin da yake yi daga nisan mita ashirin ko fiye za a kalle shi. Dole ya riƙa gani da idon wanda ke tsaye a ƙasa, ya san inda zai zurfafa yanka don inuwa ta zauna, ya san ta wace taga rana za ta shigo da hantsi. Farin yaɓe ba shi da launin da zai ɓuya a bayansa. Haske da inuwa kawai gare shi.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ginshiƙan. Mutum zai shiga ya ga jajaye da shuɗɗa da masu ruwan toka, da jijiyoyi suna ratsa su, suna ƙyalli, ya rantse dutsen mabul ne. Mafi yawansu jifsam ne. Ana kwaɓa shi da ruwan gam, a raba curi-curi, kowane curi da launinsa, a barbaɗa garin launi a tsakaninsu, a haɗe su wuri guda ba tare da an cakuɗa sosai ba, sannan a yanka fale-fale. Kowane yanki sai ya fito da jijiyoyi irin na dutse. A manna yankunan a jikin ginshiƙin bulo ko na katako, a bari su kama, a kankare, sannan a shiga wahalar gaske: guga da dutse mai kaushi, a cike ramuka, a sake guga da wanda ya fi laushi, a sake cikewa, haka-haka har a kai ga dutsen ƙarshe mai santsi, a shafa mai ko kakin zuma. Mai sani kan gane shi da tafin hannu, domin dutsen gaske sanyi gare shi, wannan kuwa bai kai shi sanyi ba. Sau da yawa akan ce talauci ne ya sa aka yi jabun. Ban yarda da wannan duka ba. Da wannan dabara mai aiki yana samun launin da babu shi a kowane dutse, ya lanƙwasa ginshiƙi yadda ya ga dama, ya ɗora shi inda nauyin dutse zai karya gini. A yau ma, saboda yawan kwanakin guga, yakan fi mabul na gaske tsada.

Gidan Feuchtmayer ya rabu reshe biyu, har rubutun sunan ya bambanta, reshe na biyu an fi rubuta shi Feichtmayr. Na farko ya faro daga Franz Joseph, wanda aka haifa a 1660. Ya yi aiki a Ostiriya, daga baya ya koma kusa da tafkin Bodensee, inda babban gidan zuhudu na Salem ke sake gini bayan gobarar 1697. Shi ya yi adon babban zauren gidan da ake kira zauren sarakuna. Ya rasu a 1718, ɗansa Joseph Anton, haihuwar birnin Linz a 1696, ya gaji shagon yana ɗan shekara 22.

Joseph Anton mutum ne mai hannu biyu, yana sassaƙa itace yana kuma ƙera yaɓe. A Weingarten ya haɗu da wani Ba'italiye, Diego Francesco Carlone, ya ga yadda ake goge farin yaɓe har ya riƙa ƙyalli kamar tangaran, ya riƙe wannan dabara har ƙarshen ransa. Ya zauna a Mimmenhausen kusa da Salem, daga nan yake aika aiki zuwa tsibirin Mainau, da fadar Meersburg, da St. Gallen a Siwizalan inda ya yi kujerun mawaƙa da ɗakunan ikirari na itace. Siffofinsa ba sa tsayawa tsaye kamar soja. Jiki a murɗe, wuya a miƙe, yatsu a bubbuɗe, tufa kamar iska na kaɗa ta.

Wurin ganin sa shi ne Birnau, wata majami'ar ziyara da ke kan tudu tana kallon tafkin, wadda aka keɓe a 1750. Peter Thumb ne ya gina, Gottfried Bernhard Göz ya yi zanen rufi, Joseph Anton ya yi bagadai da siffofi da yaɓe. A gefen ɗaya daga cikin bagadan akwai wani ɗan yaro fari fat, ɓul-ɓul, ya rungumo amyar zuma irin ta saƙar ciyawa a gefe guda, ya tsoma ɗan yatsa ya kai baki. Ya karkace ƙugu, ya waiwayo, a fuskarsa akwai abin nan na yaron da aka kama yana sata amma daɗi ya hana shi jin kunya. Jamusawa suna kiran sa mai lasar zuma. Bagaden na Bernard na Clairvaux ne, malamin ƙarni na 12 da aka yi wa laƙabi da zaƙin magana kamar zuma, don haka yaron wa'azi ne a fakaice. Amma abin da ke tsayar da mutum ba ma'anar ba ce. Naman cinya ne da ya lotsa inda ya kamata ya lotsa, da ƙyallin fatar da aka samo ta guga, da sanin cewa a cikin wannan laushi babu komai sai ƙarfe da kwaɓi. Yau hotonsa ya fi sunan maƙerinsa yawo.

Na san da yawa daga cikin masu karatu ba sa shiri da siffar mutum a wurin ibada, kuma ba sai an yarda da aƙidar da ta sa aka yi su ba kafin a gane wahalar hannun da ya yi su. Balle ma reshe na biyu na gidan ya fi shahara ne a adon da ba siffar kowa ba ce.

Wannan reshe ya kafa shago a Augsburg, birnin maƙeran azurfa da masu buga zane a takarda. 'Yan'uwa biyu ne: Franz Xaver, haihuwar 1698, da ƙanensa Johann Michael, wanda aka haifa a Haid a 1709. Zamaninsu ya zo daidai da wani sabon yayi daga Faransa, wanda ya shigo Bavariya a shekarun 1730 ta hannun François de Cuvilliés, mai tsara gine-ginen fadar Munik. Shi ne Rokoko. Jigonsa wani ado ne mai wuyar kwatantawa. Ya fara kamar ɓawon ƙumba, ya lanƙwashe, ya zama kumfar ruwa, ya tsattsage kamar harshen wuta, kuma gefensa na dama ba ya taɓa zama daidai da na hagu. A Faransa ɗakunan fada ake yi wa shi, da ƙa'ida da kunya. Mutanen Wessobrunn suka ɗauke shi suka kai majami'a, suka sake masa mara. Masu buga zane na Augsburg suna ta yaɗa samfurinsa a takardu, amma takarda ba ta hawa rufi. Ado ne da ba ya zubuwa a abin zubi, domin ba ya maimaita kansa. Kowane ɗaya sai an ƙera shi a wurin, kafin kwaɓi ya kama.

A nan Johann Michael ya yi zarra. Shi da yayansa sun yi aiki a Dießen, shi da Johann Georg Üblher sun yi Amorbach da Wilhering, amma babban fagensa shi ne ayyukan da ya yi tare da magini Johann Michael Fischer da masassaƙi Johann Joseph Christian, wato Zwiefalten da Ottobeuren. A Zwiefalten ginshiƙan jabun mabul suna tsaye bibbiyu a kowane gefe, daga kansu kuma adonsa ke tashi, fari da ruwan zinariya, yana hawa bakan rufi, yana cin bakin zanen da Franz Joseph Spiegler ya yi, har mutum ya rasa inda gini ya ƙare da inda zane ya fara. Aikinsa ke nan, ɓatar da mahaɗa. Mumbarin majami'ar ma labari ne, wahayin Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa, da ƙoƙunan kai da ƙasusuwan da nama ke komawa jikinsu, annabin kuma yana tsaye a ɗaya gefen yana nuni.

A ganina Johann Michael ya fi ɗan'uwansa na bakin tafki girman aiki, duk da cewa Joseph Anton ya fi shi farin jini wajen masu yawon buɗe ido. Dalilin a fili yake. Ana iya ɗaukar hoton ɗan yaro da amya a sa a kati. Ba a iya yanko wani yanki na rufin Zwiefalten a ce ga Feichtmayr, domin in aka raba shi da ginin Fischer da zanen Spiegler da hasken tagogi, tarkace ne kawai. Gwanintar da ta narke cikin aikin wasu ba ta cika jawo wa mai ita suna ba.

Aikinsa na ƙarshe mai girma ya samo asali ne daga kuskuren wani. A Vierzehnheiligen, can arewacin Bavariya, akwai wani wuri da aka ce wani makiyayi ya ga wahayi a 1445 da 1446. Balthasar Neumann ya tsara majami'a yadda wurin zai faɗo daidai mahaɗar ginin, ƙarƙashin inda ido ke zuwa. An aza harsashi a 1743, amma mai kula da aikin ya gusar da ginin, sai wurin mai daraja ya faɗo a tsakiyar zauren da jama'a ke zama. Neumann ya sake tsara cikin ginin da zagaye-zagaye masu siffar ƙwai, mafi girmansu ya kewaye wurin. Abin da ya rage shi ne a sa wani abu a tsakiya da zai riƙe ido ta kowace fuska. Feichtmayr da abokan aikinsa suka ɗaga bagade mai tsayuwa shi kaɗai, ba ya jingina da bango, mai kama da keken dokin sarauta da aka yi da kumfa, da siffofin waliyyai goma sha huɗu a jikinsa, a buɗe ta ƙasa don mai ziyara ya leƙa ya ga ƙasar wurin. An keɓe majami'ar a 1772. A shekarar Johann Michael ya rasu a Augsburg.

Lokacin kasuwar ta riga ta fara mutuwa. Masu ilimin zamani sun soma kallon wannan ado a matsayin almubazzaranci da wasan yara, suna son komawa ga miƙaƙƙun layukan Girka da Rum. A 1770, shekarar da Joseph Anton ya rasu, mai mulkin Bavariya, Max III Joseph, ya fitar da doka cewa majami'un karkara su zama masu sauƙin gini, a daina tarkacen ado. A Salem, Johann Georg Dirr, yaron Joseph Anton da ya gaji shagon, bai yi gardama da zamani ba. Shi da Johann Georg Wieland suka ƙawata babbar majami'ar gidan da farin dutse a sabon salo mai natsuwa, kamar ba daga hannun maƙerin mai lasar zuma suka fito ba.

Wanda ya ƙarasa sana'ar shi ne abin da ya faru a 1803, lokacin da gwamnatoci suka ƙwace gidajen 'yan zuhudu da filayensu a rikicin zamanin Napoleon. Gwanayen yaɓe kusan mai saye ɗaya gare su, kuma a shekara guda aka rufe masa ƙofa. Franz Xaver ƙarami, ɗan Franz Xaver babba, wanda ya yi wa fadar Munik aiki, a wannan shekarar ya rasu. An rushe majami'ar gidan zuhudun Wessobrunn a 1810. Gidan Zwiefalten ya koma asibitin masu taɓin hankali a 1812. Birnau ta zauna a kulle fiye da shekara ɗari, sai a 1919 aka sake buɗe ta don ibada.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wa Jamusawa sake koyon abin da suka bari. Fadar Bruchsal, wadda Johann Michael ya yi wa adon manyan zaurukanta, ta ƙone a harin jiragen sama na ranar 1 ga Maris, 1945. Masu gyara sun yi shekaru suna bin tsofaffin hotuna da guntayen da aka tsinto cikin ɓaraguzai, suna gwada kwaɓi, suna ɓatawa suna sakewa, har aka buɗe zaurukan a shekarun 1970. Abin da baƙo ke gani a can yau tsarin Feichtmayr ne, hannun kuwa na mutanen ƙarni na 20. Har yanzu aikin yaɓe sana'a ce da ake koyo shekara uku a Jamus, a yi jarrabawa a karɓi takarda, sai dai mafi yawan masu ita filastar gidaje suke yi da liƙa wa bango abin tare sanyi. 'Yan kaɗan ne ke bin layin gyaran tsofaffin gine-gine, kuma su ake kira duk lokacin da damshi ko tsagewa ya taɓa rufin Ottobeuren ko na Zwiefalten.